Yadda Ake Tayi a Wasan Birij Idan Kwamfuta Ce Abokiyar Wasanka

Wasan birij mutum huɗu yake buƙata, biyu a kowane ɓangare, kuma a nan Kano wannan shi ne cikas na farko. Masu dara da ludo da Whot ba su da wuyar samu a majalisa, daga Fagge har Hotoro, amma ka ce za ka nemo mutum uku da suka san tayin birij, sai ka sha yawo. Mafita tana cikin wayarka: ka zauna a kujera ɗaya, kwamfuta ta riƙe sauran ukun, ɗaya abokiyar wasanka, biyu abokan hamayya. Wasan kashi biyu ne, a yi tayi sannan a buga kati, kuma tayin ne ya fi wahalar da sabon shiga, saboda dalili guda: duk abin da ka faɗa wa kwamfuta, gaskiya take ɗaukarsa, kuma a kansa za ta gina duk abin da ya biyo baya.

Na san sunan karta ya ɓaci a garin nan saboda caca, kuma da dalili. Birij ɗin da nake magana a kai ba a zuba ko sisi, maki ake ƙirgawa, kuma a gasa kati iri ɗaya ake raba wa kowane tebur don a ga wanda ya fi iya sarrafa abin da ya samu. Wasu manhajojin suna da gasar da ake biyan kuɗin shiga a kuma raba kyauta. Waɗannan ka bar su, waɗanda ba a biyan komai sun ishe ka koyo.

Mataki na farko: zaɓi wurin wasa, ka gyara saiti

Dandalin da ya fi shahara shi ne Bridge Base Online, wanda ake taƙaitawa BBO, da Fred Gitelman ya kafa a 2001. Kwamfutar da aka daɗe ana wasa da ita a can sunanta GIB, ƙirƙirar Matt Ginsberg. Akwai kuma Funbridge na ƙasar Faransa, mai kwamfuta da ake kira Argine. Misalaina duka a kan tsarin GIB na ɗora su, domin shi ne ya fi yawo, kuma da waya kaɗai za ka iya shiga sashen wasan kaɗaici na kyauta.

Kafin a raba maka kati ko ɗaya, shiga saiti ka kunna tabbatar da tayi, wato wanda zai sa sai ka danna sau biyu kafin tayinka ya tafi. Amfaninsa biyu ne. Babban yatsa a kan ƙaramin allon waya yakan zame, ka nufi 2♥ ka danna 2♠. Na biyun kuma ya fi muhimmanci: tsakanin dannawar farko da ta biyu za ka ga yadda kwamfuta za ta fahimci tayin. Za mu dawo kan wannan. Wasan ba ya cin data sosai, amma yana son sabis mai ɗorewa, don haka gasar da ke da ƙayyadadden lokaci ka bar ta sai wayarka na da caji, sabis ɗin unguwarku kuma ya zauna.

Mataki na biyu: ƙirga hannunka

Kati 52 ne, kowa 13. Manyan kati huɗu ne ke da maki: A maki 4, K maki 3, Q maki 2, J maki 1. Jimillar makin da ke tebur 40 ke nan, matsakaicin hannu kuma 10. Wannan lissafi ana danganta shi da Milton Work, Charles Goren kuma ya yaɗa shi a Amurka, har yau a kansa kusan kowa yake tafiya. A allo za ka ga an rubuta HCP, shi ne wannan makin na manya.

Bayan maki sai siffar hannu. Kala huɗu ce: ♠, ♥, ♦, ♣. Duba wadda ta fi tsawo a hannunka da wadda ta gajarta. Hannun da babu kalar da ta rasa kati gaba ɗaya, babu mai kati tilo, kuma mai kati biyu kacal ba ta wuce ɗaya ba, shi ne daidaitaccen hannu, kamar 4-3-3-3 ko 4-4-3-2 ko 5-3-3-2. GIB tana da lissafi na biyu da take kira total points, inda take ƙara maki saboda gajarta: 3 idan ba ka da ko ɗaya a wata kala, 2 idan tilo ne, 1 idan biyu ne. Ka riƙa lura da wanne daga cikin lissafin biyu aka rubuta a bayanin tayi, domin sau da yawa nan ne mutum yake zaton abokiyarsa tana da manyan kati alhali gajarta ta ƙirga.

Mataki na uku: san tsanin tayi da inda aka dosa

Kowa ya jefa kati ɗaya, huɗu sun taru, wani ya cinye, wannan shi ne zagaye ɗaya, kuma 13 ne a kowane rabo. Idan ka ce 1♠, alkawari ka ɗauka cewa ku biyu za ku ci zagaye 7, ♠ kuma ita ce kalar iko mai yanke sauran. Shida ake ƙarawa a kan lambar kullum. NT na nufin za a buga ba tare da kalar iko ba. Matsayinsu daga ƙasa zuwa sama: ♣, ♦, ♥, ♠, sai NT. Daga 1♣ zuwa 7NT tayi 35 ne, kuma kowane sabon tayi dole ya ɗara na baya. Mai rabon kati ne ke farawa, magana ta zagaya ta hagunsa, idan mutum uku a jere suka ce fas, wato ba za su yi tayi ba, bayan wani tayi, an rufe, tayin ƙarshe ya zama alkawari.

Me ya sa ake ta hawa? Saboda tsarin makin da Harold Vanderbilt ya fito da shi a 1925, wanda ya ce garaɓasar gem sai wanda ya yi tayinta. Gem shi ne 3NT, ko 4♥ da 4♠, ko 5♣ da 5♦. Duba bambancin: ka tsaya a 3♠ ka ci zagaye 10, makinka 170. Ka yi tayin 4♠ ka ci goman nan dai, makinka 420, idan kuma ɓangarenku yana cikin ja a allo, wato halin da riba da asara duka suke ƙaruwa, 620. Kati ɗaya, bugu ɗaya, tayi ne kawai ya raba su.

Don haka tambaya biyu kuke ƙoƙarin amsawa kai da kwamfuta. Ta farko, makinmu a haɗe ya kai kusan 25? Idan ya kai, gem ake nema. Ta biyu, muna da kati 8 ko fiye a ♥ ko ♠ tsakaninmu? Idan akwai, can za a buga, idan babu, yawanci 3NT. Ana kiran ♥ da ♠ manyan kaloli, ♣ da ♦ ƙanana, kuma ana gudun gem a ƙananan domin zagaye 11 yake nema.

Mataki na huɗu: buɗe tayi

Da maki 12 zuwa sama ake buɗewa. Idan kana da kati 5 ko fiye a ♥ ko ♠, da ita za ka fara. Huɗu ba su isa ba, ko da A K Q J ne, domin kwamfuta za ta ɗauka biyar gare ka, ta goya maka baya da uku, ku ƙare da bakwai a inda ake son takwas. Idan babu babbar kala mai biyar, buɗe da 1♣ ko 1♦, wadda ta fi tsawo, ko da kati uku ne.

Daidaitaccen hannu mai maki 15 zuwa 17, 1NT. Mai 20 zuwa 21, 2NT. Hannu mai 22 ko fiye, 2♣, kuma wannan ba ya nufin kana da ♣, sanarwa ce kawai cewa hannun ya yi ƙarfi ƙwarai. 2♦, 2♥ da 2♠ kuwa akasin haka ne: kati 6 a kalar, maki kaɗan, kamar 6 zuwa 10, don a cinye wa abokan hamayya fili.

A cikin waɗannan duka, 1NT nake so ka fi riƙewa. Duk lokacin da hannunka ya cika sharaɗinsa, yi shi. Tayi ɗaya ya gaya wa kwamfuta makinka da siffarka, daga nan lissafinta ba ya kuskure sosai. Amma kada ka yi shi da 13 don kana son kai ne za ka buga. Za ta haɗa 10 ɗinta da 15 ɗin da ka ce kana da su, ta kai ku 3NT da maki 23, kuma laifin ba nata ba ne.

Mataki na biyar: karanta bayani kafin ka danna

Nan ne zuciyar al'amarin, don haka bari in ɗan daɗe.

A Kantin Kwari idan ka taya shadda, kai da mai shago kun san farashin farko ba shi ne a ranka ba, gwaji ne, kowa yana karanta fuskar ɗan'uwansa. Tayin birij da kwamfuta ba haka yake ba. Ba ta ganin fuska, ba ta san ka yi jinkiri ba, ba ta tuna cewa jiya ka cika zafin hannu. Kowane tayi yana da ma'ana rubutacciya a cikin kundinta, kuma wannan ma'anar kaɗai take ji.

Alherin shi ne ba ta ɓoye kundin. Danna kowane tayi da aka riga aka yi, nata ko na abokan hamayya, bayani zai fito. Idan ta buɗe da 1♠ za ka ga wani abu kamar 5+ ♠, 11-21 HCP. Alamar tarawa bayan lamba tana nufin adadin ko fiye, alamar ɗebewa bayan lamba tana nufin adadin ko ƙasa. Idan ka ga kalmar forcing, tayin dole ne, ba a yarda ka ce fas ba. Idan ka ga forcing to 3NT, ba za a tsaya ba sai an kai gem. Kalmar artificial tana nufin kalar da aka ambata ba ita ake nufi ba, saƙo ne kawai.

Haka nan naka tayin. A kwamfutar tebur ɗora manunin linzami a kansa, a waya kuma danna sau ɗaya, ka karanta. Sai ka tambayi kanka: abin da aka rubuta nan ya yi kama da hannuna? Idan bai yi ba, gwada wani. Wani lokaci babu wanda ya dace ɗari bisa ɗari. A irin wannan hali zaɓi wanda ya fi kusa, kuma idan dole sai an ɗan kauce, gara ka kauce a tsawon ƙaramar kala da ka kauce a ƙarfin hannu ko tsawon babbar kala. Ƙarin kati ɗaya a ♣ ba kasafai yake jawo masifa ba. Ƙarin maki 4 da ba ka da su yakan kai ku silam marar tushe, wato alkawarin zagaye 12 ko 13 da ba za ku iya cikawa ba.

Yana da kyau ka san yadda take tunani. A tayi, da kundin ƙa'idoji take farawa. A wurare masu sarƙaƙiya, musamman a babbar sigarta, takan ƙirƙiro rabe-raben kati masu yawa da suka dace da duk abin da aka faɗa a tebur, ta gwada kowane zaɓi a kansu kamar tana ganin katin kowa, ta ɗauki wanda ya fi yawan riba. Ka ga ke nan idan ka ba ta bayanin da ba daidai ba, duk hannayen da za ta ƙirƙiro maka na wani mutum ne daban. Wannan dabara ta sa ta ƙware a buga kati tun da wuri, har GIB ta zo ta 12 a wata gasar warware wuyar bugu tare da manyan 'yan wasan duniya a 1998. A 2022 kuma, a birnin Faris, wata manhaja mai suna NooK ta kamfanin NukkAI ta doke zakarun duniya takwas, amma a bugu kawai aka kara, an cire tayi daga gasar. Tayi magana ce tsakanin abokai biyu, kuma rabin maganar a bakinka yake.

Mataki na shida: amsa wa kwamfuta idan ita ta buɗe

Da maki 6 ake amsawa, ƙasa da haka fas. Idan ta ce 1♥ ko 1♠ kana da kati 3 a kalar da maki 6 zuwa 10, ɗaga zuwa 2. Da kati 4 da maki 10 zuwa 12, ɗaga zuwa 3, gayyata ce zuwa gem. Da kati 4 da maki 13 ko fiye, ka ce 2NT, wanda ake kira Jacoby 2NT, ma'anarsa mun dace, gem ya tabbata, mu duba ko akwai abin da ya fi.

Tsarin GIB shi ne wanda ake rubutawa 2/1. Idan ta buɗe 1♠ ka amsa da sabuwar kala a mataki na biyu, kamar 2♣ ko 2♦, ka ɗaure ku duka har gem. Kada ka yi haka da maki 10 don kawai ♦ ɗinka tana da kyau. Hannu mai 6 zuwa 12 da bai da goyon baya, 1NT zai ce, kuma wannan 1NT ɗin bayan babbar kala tayin dole ne, za ta sake magana.

A ƙananan kaloli an juya abin: 1♦ aka amsa 2♦, hannu ne mai ƙarfi, 10 ko fiye. 1♦ aka amsa 3♦, rauni ne. Wanda ya koyi wasan a wani tsari yakan faɗa wannan rami.

Bayan 1NT kuma akwai kayan aiki biyu da ba makawa sai ka iya su. Na farko Stayman: 2♣ tambaya ce, kina da kati 4 a babbar kala? Amsa 2♥ ko 2♠ idan akwai, 2♦ idan babu. Na biyu miƙawa: 2♦ na nufin ina da ♥ biyar ko fiye, ki faɗe ta, 2♥ na nufin ina da ♠ biyar ko fiye. Hikimar ita ce, tunda wanda ya fara ambaton kalar iko shi ke bugawa, abokinsa kuma ya buɗe katinsa, hannu mai ƙarfi ya zama shi ke bugawa a ɓoye, mai rauni a shimfiɗa shi a tebur.

Ga misali. Ta buɗe 1NT, kana riƙe da ♠ 7 4, ♥ Q 10 8 6 5 2, ♦ 9 3, ♣ J 7 4. Maki 3 kacal, amma hannun zai fi amfani idan ♥ ce kalar iko. Ka ce 2♦, ta ce 2♥, ka yi fas. Da ka bi abin da ido ya gani ka ce 2♥, sai ta amsa 2♠ cikin biyayya, ka shiga uku da kati biyu a kalar. Haka ma a sama: 4♦ miƙawa ce zuwa 4♥, 4♥ kuma zuwa 4♠. Wanda ya yi tsalle zuwa 4♥ yana nufin a buga ♥, zai ga 4♠ ta fito masa.

Yanzu juya kujera. Kai ne mai ♠ K J 4, ♥ A Q 7 2, ♦ K 8 3, ♣ Q J 5, maki 16, ka buɗe 1NT. Ta ce 2♥. Kada kyan ♥ ɗinka ya ruɗe ka, ♠ take nufi, ka ce 2♠. Ta ce 3NT: tana da ♠ biyar daidai da makin gem, ta bar maka zaɓi. Kana da uku, biyar da uku takwas, sai 4♠.

Mataki na bakwai: tayinka na biyu

Tayin farko faɗi gare shi, daga 12 har 21. Na biyu ne ke nuna ko hannunka ƙarami ne, matsakaici ko babba, kuma nan kwamfuta ta fi kasa kunne.

Ɗauki ♠ A Q 8 6 3, ♥ K 7, ♦ K 9 4 2, ♣ 6 5. Maki 12, ka buɗe 1♠. Ta ce 2♣, gem ya zama dole. Ba gaggawa, nuna kalarka ta biyu, 2♦. Ta ce 2♠, tana da goyon baya. Hannunka ba shi da ƙari, don haka 4♠ kai tsaye, domin a wannan tsari wanda ya ruga zuwa gem cewa yake abin da na faɗa shi ke nan gare ni, wanda ya bi a hankali shi ne mai tunanin silam.

Ramin da ya fi cin mutane shi ne wannan. Kana da ♠ 5, ♥ K Q 7 3, ♦ A Q 9 6 4, ♣ J 8 2, maki 12. Ka buɗe 1♦, ta ce 1♠. Zuciya za ta ce nuna ♥. Amma 2♥ a nan ta fi kalarka ta farko matsayi, idan abokiyarka tana son komawa ♦ sai ta hau mataki na uku, shi ya sa wannan tayi yake alkawarin hannu mai ƙarfi, kamar 17 zuwa sama, kuma dole ne a amsa shi. Da 12 ka maimaita 2♦ ka haƙura. Ba ka yi asarar ♥ ba sosai, domin idan tana da huɗu a ♥ da huɗu a ♠, da 1♥ za ta fara.

Shawarata a wannan mataki: da zarar ɗayanku ya iyakance hannunsa, ɗayan ne ke yanke hukunci. Idan ita ta iyakance, misali ta ɗaga 1♠ ɗinka zuwa 2♠, yi lissafi ka faɗi inda za a tsaya. Kana da 13, ita ba ta wuce 10 ba, fas. Kana da 19, 4♠. Dogon zagaye-zagaye da ƙananan tayi masu nuna dabara, wanda yake da daɗi tsakanin mutum biyu da suka saba, da kwamfuta yakan zama hanyar rashin fahimta. Gajeriyar hanya ta fi aminci.

Mataki na takwas: idan abokan hamayya sun sa baki

Suka buɗe, kana da kala mai kyau ta kati 5 da maki kamar 8 zuwa sama, za ka iya shiga a mataki na ɗaya. A mataki na biyu sai da hannun da ya kusa na buɗewa. Idan kana da makin buɗewa, ka gajarta a kalarsu, kana da uku ko huɗu a sauran, ka ce dobul. Asalin dobul hukunci ne, yana ƙara asararsu idan suka gaza cika alkawari, amma a wannan wuri roƙo ne ga abokiyarka ta zaɓi kala.

Wannan batu na dobul ka yi hattara da shi. A ƙananan matakai GIB kusan kullum roƙon zaɓi take ɗaukarsa. Kana zaune da kati 5 masu kyau a kalarsu, ka danna dobul kana murna za su faɗi, sai ta janye zuwa wata kalar da ba ka da ita. Karanta bayanin tukuna. Idan ya nuna gajarta a kalarsu, yi fas ka karɓi 50 ko 100 ɗinka a kan kowane zagayen da suka gaza.

Idan 1NT suka buɗe, tsarin da take bi sunansa Cappelletti: 2♣ na nufin doguwar kala ɗaya ko wacce ce, 2♦ na nufin ♥ da ♠ tare, 2♥ ko 2♠ na nufin wannan kalar da wata ƙarama, 2NT kuma ƙananan biyu. Mai ♦ shida da ya ce 2♦ zai ji an amsa masa da babbar kala.

Akwai kuma halin da ke ba mutane haushi, kuma ina ganin a nan ita ke da gaskiya fiye da yadda ake ba ta. An yi ta ja-in-ja, sun tsaya a 3♥, ka ce bari in ƙara 3♠ don kada su sha da arha. Kwamfuta za ta iya karanta wannan a matsayin ƙarin ƙarfi ta ɗaga zuwa 4♠, a yi muku dobul. Duk lokacin da ka sake magana ba tare da an tilasta ka ba, duba makin da bayanin ya jingina maka. Idan ya wuce abin da ke hannunka da yawa, bar musu.

Mataki na tara: silam

Zagaye 12 shi ne ƙaramin silam, yana son maki kusan 33 a haɗe. Duka 13 babban silam, kusan 37. 6♠ da aka cika yana kawo 980, a cikin ja 1430.

Kafin ka hau, tabbatar ba a bar muku manyan kati biyu a waje ba. Bayan an amince da kala, 4NT tambaya ce a kan makullai biyar: A guda huɗu da K na kalar iko. Amsar GIB: 5♣ babu ko uku, 5♦ ɗaya ko huɗu, 5♥ biyu ba tare da Q ta kalar iko ba, 5♠ biyu tare da ita. Wasu 'yan wasa suna juya amsoshin farko biyu, don haka kada ka dogara da abin da ka haddace a wani wuri, danna ka gani.

Misali, ♠ K Q 9 7 4, ♥ A K 3, ♦ K Q 5 2, ♣ 6. Ka buɗe 1♠, ta ce 2NT. Amsarka 3♣, wadda a nan take nuna gajarta a ♣. Idan ta nuna sha'awa, ka tambaya da 4NT. Makullai biyu gare ka, K na ♠ da A na ♥. Ta ce 5♦, ɗaya ke nan tunda uku kaɗai suka rage, biyu suna waje, tsaya a 5♠. Ta ce 5♥, ɗaya kawai ya ɓace, 6♠. Ta ce 5♣, babu ko uku: ƙirga abin da ya rage idan ba ta da ko ɗaya, J na ♠, Q J na ♥, J na ♦, K Q J na ♣, duka 11, da wuya su kai ta ga 2NT, don haka uku ne kuma makullan sun cika.

Kada ka yi wannan tambaya idan akwai kalar da ba ka da ko kati ɗaya a cikinta, domin amsar ba za ta gaya maka wane A take da shi ba. Kuma 4NT kai tsaye bayan buɗewar 1NT ba tambayar makullai ba ce, gayyata ce: idan kina saman makinki, mu je 6NT.

Mataki na goma: ribar hannu mafi kyau, da bita

Yawancin gasannin kwamfuta a BBO suna zaunar da kai a kujerar Kudu, da yawansu kuma suna bin tsarin da ke ba ɗan Adam hannun da ya fi maki. Duba sharuɗɗan gasar, idan haka ne, ka samu bayani kyauta: babu wanda ya fi ka makin manya a tebur. Kana da 11, abokiyarka ba ta wuce 11 ba, jimilla 22, gem sai da siffa mai kyau. A nan har tayin da ya kamata ka amsa za ka iya bari ya wuce idan ka ga an kai wurin da ya dace, domin ka san abin da ita ba ta sani ba. Kana da 12, abokan hamayya biyu ba su wuce 24 ba, ke nan ita tana da aƙalla 4.

Bayan an gama, buɗe tarihin wasanninka. Rabon da ka buga, wasu ma sun buga shi da kwamfuta iri ɗaya, kuma za ka iya ganin tayin kowane tebur. Nemi rabon da makinka ya fi faɗuwa, ka bi tayin ɗaya bayan ɗaya kana danna bayani, har ka iso wurin da abin da aka rubuta ya rabu da katin da ke hannunka. Rubuta wannan jerin tayin a ƙaramin littafi tare da ma'anarsa. Idan kana son atisaye a kan abu ɗaya, sashen koyo yana da teburin tayi zalla, inda ake raba kati a yi tayi ba tare da bugawa ba. Fara da jerin da ke biyo bayan 1NT, sai sun zauna maka sannan ka koma kan 2/1 da dobul.